Bayan an cire min ƙari a ƙwaƙwalwa, sun ce in ajiye aiki "cikin mutunci"

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 39, da aurena da yara uku, kuma shekarata 9 ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani mai zaman kansa. Wata 8 da suka wuce na yanke jiki na faɗi a gida ina jijjiga. Da aka yi hoton kai sai aka ga ƙari a jikin ƙwaƙwalwata ta wajen goshi. Likita ya ce wani irin ƙari ne mai suna meninjiyoma, ba ciwon daji (kansa) ba ne. An yi min aiki an cire, ɗan abin da ya rage aka yi masa gashi da hasken na'urar asibiti na mako 6. Alhamdu lillahi, wanda ya gan ni yanzu ba zai ce na yi ciwo ba. Sai dai da rana ta raba sai in ji kamar an zare min laka, ga yawan mantuwa, lissafin da nake yi da ka a da yanzu sai na rubuta. Ina kan shan maganin farfaɗiya, kuma babu wanda ya san da haka a ofis.

Makon jiya na kira shugabana na ce ina so in dawo. Ya yi min sannu sosai, sannan ya ce shawararsa in rubuta takardar ajiye aiki cikin mutunci, za su ba ni albashin wata 3, domin aikin kuɗi ba ya son kuskure, kuma sun riga sun sa wani a kujerata. Ya ba ni mako 2 in yi tunani. Maigidana ya ce in karɓa in huta, lafiya ta fi komai. Ni kuwa ina son aikina, kuma inshorar lafiyata ta hannun kamfanin take, ga hoton kai da za a riƙa yi min duk bayan wata 6. Ina da haƙƙin komawa? Dole ne in gaya musu maganar farfaɗiyar? Ko kuwa gaskiyarsu ce, na tashi aiki?

Ƙanwarki mai neman mafita.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma tambayarki ta ƙarshe ce ta fi tsaya min a rai, domin na ga alamar kin fara yarda da hukuncin mutumin da bai gan ki kin riƙe alƙalami ba tun da kika fito daga asibiti. Zan zo kanta. Amma akwai maganar da ba za ta jira ba, don haka da ita zan fara.

Kada ki rubuta takardar nan, kuma kada ki sa hannu a kan kowace takarda da za su turo miki kafin wani masanin dokar ƙwadago ya karanta ta. Tsakanin "na ajiye" da "an sallame ni" akwai tazara mai nisa. Idan su suka sallame ki, a ƙasashe da yawa sai sun faɗi dalili, sun bi ƙa'ida, sun biya abin da doka da yarjejeniyarku suka tanada, kuma kina da ƙofar ƙorafi. Idan ke kika rubuta da hannunki cewa kin tafi don raɗin kanki, kin sauke musu mafi yawan wannan nauyin, kuma yana da wuya ki dawo daga baya ki tabbatar cewa matsa miki aka yi. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba. Mako 2 ɗin da ya ba ki kuwa wa'adinsa ne shi kaɗai, babu abin da ya wajabta miki amsawa a cikinsa. Abin da za ki yi cikin waɗannan kwanaki shi ne ki tura masa saƙo a rubuce, cikin ladabi, ki gode masa da kiran, ki tuna masa ranar da kuka yi magana da abin da ya ce, ki sanar da shi cewa niyyarki ita ce komawa aiki, kuma idan kamfani yana da wani tayi a rubuto miki shi a hukumance. Ki sa sashen kula da ma'aikata a cikin saƙon. Maganar waya iska ce, gobe kowa zai iya cewa ba haka ya faɗa ba.

Ba na so ki ɗauki shugaban naki a matsayin maƙiyi. Wata 8 ba kwana 8 ba ne, littattafan kuɗi ba sa jira, dole ya sa wani ya riƙe wurin. Tsoron da yake yi na kuskure shi ma ba ƙirƙira ba ce, ke da kanki kin ce kina mantuwa. Mai yiwuwa ma a zuciyarsa gani yake alheri yake miki. Inda ya kauce shi ne ya mayar da kansa likita. Mutane da yawa da zarar sun ji an ce "an taɓa ƙwaƙwalwa" sai su ɗauka hankali ya tafi, alhali ƙari iri-iri ne, wurin da yake zama daban-daban, abin da yake bari a baya ma daban-daban. Irin wanda aka cire miki yana tsirowa ne daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, yana cikin waɗanda aka fi samu a manya, ya fi kama mata, kuma mafi yawansa ba ya yaɗuwa. Mutane da dama sun koma bakin aikinsu bayan an cire musu shi. Wasu kuma sun koma da 'yan canje-canje, wasu ba su iya ba. Babu mai sanin rukunin da kike ciki ta wayar tarho.

Maganar haƙƙi kuwa, ba ki faɗi ƙasar da kike ba, kuma doka tana bin ƙasa ne, don haka bari in nuna miki ginshiƙan da kusan ko'ina ake dogara da su. A shekarar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka shiga. Sashe na 27 nata ya yi magana a kan aiki, kuma ya ambaci har waɗanda lalura ta same su suna tsakiyar aiki. Zuciyar maganar ita ce mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci sauƙin da ya dace don ya iya ci gaba da aikinsa, muddin sauƙin bai zama nauyin da ya fi ƙarfin ma'aikatar ba, kuma ƙin yin hakan nuna bambanci ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma tana da yarjejeniya mai lamba 158 ta 1982, wadda ta ce rashin zuwa aiki na wani lokaci saboda ciwo ba dalili ne karɓaɓɓe na sallama ba, ko da yake ba kowace ƙasa ce ta shiga wannan ba. Daga nan kowace ƙasa ta ɗinka tata rigar. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 tana ba mai ciwon daji kariya tun daga ranar da aka gano ciwon, shi kuwa mai ƙari irin naki ana duba ko illarsa a kan harkokin yau da kullum babba ce kuma za ta kai wata 12 ko fiye. A Amurka dokar kare masu buƙata ta musamman ta 1990 ta hau kan duk ma'aikatar da ke da mutum 15 zuwa sama, kuma wa'adin kai ƙorafi ga hukuma a asali kwana 180 ne. A Najeriya an sa hannu a farkon 2019 kan dokar da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Na kawo miki wancan wa'adi na Amurka ne don ki gane cewa ƙofar ƙorafi tana da lokacin rufewa, a wasu wuraren 'yan watanni ne kawai, don haka ba a kwana da irin wannan maganar.

Na san kalmar "buƙata ta musamman" za ta yi miki ɗaci, kina kallon kanki a madubi garau. A wurin doka ba kamanni ake dubawa ba. Gajiyar da ke sare mutum kullum, mantuwa, da farfaɗiyar da ake dannewa da magani duk suna iya shiga ciki. Amma kada in ruɗe ki, babu dokar da ta ce a riƙe mutum har abada ko da ba zai iya ainihin aikin ba. Abin da galibi take cewa shi ne a gwada tukuna, a yi sauƙin, a duba ko akwai wata kujera da ta dace, sannan a yanke hukunci a kan hujja. Ki nemo takardar ɗaukarki aiki, kundin ƙa'idojin ma'aikata, takardun hutun jinyar da kika miƙa, da rahotannin kwazonki na shekarun baya. Ki karanta abin da aka rubuta game da tsawon hutun rashin lafiya da abin da ke biyo bayan ƙarewarsa. Sannan ki kai su wurin lauyan da ya san harkar ƙwadago, ko wakilin ƙungiyarku idan kuna da ita, ko ofishin ƙwadago na gwamnati. Zama ɗaya zai iya wadatar da ke ki san inda kika tsaya.

Yanzu mu dawo kan jikinki, domin samun haƙƙi daban, iya ɗaukar aikin daban, kuma ke kin haɗa su wuri guda shi ya sa kanki ya kulle. Gajiyar nan da kike ji tana cikin abubuwan da masu irin ciwonki suka fi kuka da su, kuma ba irin wadda barcin dare ɗaya ke wankewa ba ce. Ƙwaƙwalwar da aka yi wa aiki sannan aka gasa tana kashe ƙarfi mai yawa wajen yin abin da a da take yi ba tare da kin sani ba. Gajiyar gashi kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, bayan an gama. Ɓangaren goshi kuma shi ne mai kula da tsara aiki, tattara hankali wuri guda, da tsallakawa daga wannan aiki zuwa wancan, wato daidai abubuwan da ofishin kuɗi ke ci. Ƙari a kan haka, wasu magungunan farfaɗiya da kansu suna kawo kasala, barci ko saurin fushi. Wannan na ƙarshen albishir ne ta wata fuska, domin likita zai iya gyara adadin ko lokacin sha ko ya canza maganin. Ke dai kada ki kuskura ki rage ko ki daina da kanki don ki ji garau a ofis, hakan yana iya dawo da faɗuwar.

Ki koma wurin likitanki ki zazzage masa komai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu mata mun iya cewa "da sauƙi" ko da ba sauƙin. Ki tambaye shi ko za a iya tura ki wurin ƙwararren da ke gwada ƙarfin tunani, wanda zai auna riƙon abu a ka, saurin fahimta da tattara hankali, ya nuna miki a fili inda kika yi rauni da inda kike nan daram. Sau da yawa sakamakon ya fi abin da mutum ke tsoro kyau: sanin aikin yana nan, sauri ne ya ragu, ko kuma juriya ce ke ƙarewa bayan awa huɗu. Ki kuma tambaye shi maganar tuƙi, domin wanda ya taɓa faɗuwa ana hana shi tuƙa mota na wani lokaci, kuma tsawon lokacin ya danganta da dokar ƙasa. Daga nan ki roƙe shi takarda zuwa ga ma'aikatarku. A nan mutane ke yin kuskure, sai su karɓo takarda mai cike da sunayen ciwo wadda ba ta ƙara wa oga komai sai tsoro. Takardar da za ta amfane ki ita ce mai cewa za ki iya fara aiki daga rana kaza, awa kaza a yini, kina buƙatar hutu kaza, a guje miki abu kaza, a sake dubawa bayan mako kaza.

Kafin ranar ki gwada kanki a gida, ba tare da kowa ya sani ba. Mako 2 ki tashi lokacin da za ki tashi in da aiki za ki, ki shirya, ki zauna gaban kwamfuta ki yi lissafi na gaske, ko da na kuɗin gida ne ko wani tsohon aiki da kika san amsarsa. Ki rubuta ƙarfe nawa kika fara, ƙarfe nawa kai ya yi nauyi, kuskure nawa kika kama, kuma yaya kika tashi washegari. Washegarin nan ita ce ma'auni, domin akwai mai iya yin awa takwas yau ya kwanta kwana biyu.

Da wannan a hannu za ki je musu da tsari, maimakon ki je kina roƙo. Misali, makonni biyun farko kwana uku a mako, safiya kaɗai, tunda da rana kike karyewa. Sannan a ƙara kwana, sannan a ƙara awa, har ki kai inda jikinki ya tsaya cikin wata ɗaya da rabi zuwa uku. Ayyukan da ke son nutsuwa a sa su da safe. Umarni a ba ki a rubuce maimakon a faɗa miki a tsaye a bakin ƙofa. A ba ki wurin zama mai ƙarancin hayaniya, da izinin tashi daga gaban allon kwamfuta na 'yan mintoci, da ranakun asibiti waɗanda aka san da su tun da wuri, da yin wani aikin daga gida idan yanayin aikin ya bari. Shi kuma tsoron kuskuren da ogan ya ambata, ki riga shi kawo maganinsa: ki ce a watannin farko wani ya riƙa bin bayan alƙalumanki kafin a fitar, kuma a ɗauke miki rufe lissafin ƙarshen wata har sai kin zauna da gindinki. Aikin kuɗi dama ba a barin sa ga ido ɗaya, ko mai lafiya ƙalau ana duba bayansa. Ki lura, kusan duk abin da na lissafo ba ya cin kamfani wani kuɗin kirki, kuma wannan hujja ce a hannunki idan aka ce ya yi nauyi. Ki nemi a rubuta tsarin, a sa ranar da za a zauna a duba shi, a kuma fayyace yadda albashi zai kasance a lokacin, kada ki wayi gari ki ga an yanke ba ki sani ba.

Mutumin da ke kan kujerarki shi ma yana da nasa zullumin, wataƙila yana kwana da tunanin ranar da za ki dawo. Kada ki shiga da fuskar ƙwace. A tsarin da na faɗa miki, shi ne ma ya fi dacewa ya zama mai duba bayanki, ke kuma kina da shekara 9 na sanin lungu da saƙon littattafan da shi bai sani ba.

Sai maganar farfaɗiya. A ƙa'ida, bayanin lafiyarki sirrinki ne, abokan aiki ba su da haƙƙin sani, kuma abin da kika gaya wa sashen ma'aikata amana ce a wuyansu. Amma ga inda gizo ke saƙa: ba za ki nemi sauƙi a kan abin da kika ɓoye ba, kuma a dokoki da yawa nauyin yin sauƙin ba ya hawa kan ma'aikata sai ta san da lalurar. Ni a ganina ki faɗa, amma ki zaɓi wanda za ki faɗa wa da adadin abin da za ki faɗa. Jimla biyu sun isa: kin taɓa faɗuwar farfaɗiya sau ɗaya kafin tiyatar, kina shan magani, kuma tun daga lokacin ba ta sake ba, idan haka ne gaskiyar. Aikinki na tebur ne, ba hawa sama ko sarrafa inji ba, don haka haɗarin kaɗan ne. Bayan haka ki samu mutum ɗaya da kika yarda da shi a kusa da wurin zamanki ki koya masa abin yi in ta faru: ya kawar da abin da zai ji miki ciwo, ya sa abu mai laushi ƙarƙashin kanki, kada ya danne ki, kada ya cusa miki komai a baki, ya duba agogo, ya juya ki ta gefe idan jijjigar ta lafa, ya nemi agajin gaggawa idan ta wuce minti 5 ko ta sake dawowa kafin ki farfaɗo. Ki kuma gaya masa ba a ɗaukar ta, ko ta yawu ko ta taɓawa, domin har yanzu akwai masu ja da baya saboda wannan.

Maigidanki kuwa, ki tuna shi ne ya gan ki a ƙasa kina jijjiga, shi ne ya zauna a bakin ɗakin tiyata yana jiran a fito masa da labari. Ke a lokacin ba ki san inda kanki yake ba, shi kuwa ya ga komai. "Ki huta" ɗin nan da yake faɗa tsoro ne ke magana. Gardama ba za ta cire masa shi ba. Ki tafi da shi wurin likita ya ji da kunnensa, ki nuna masa tsarin, ku yi alƙawari tsakaninku cewa idan abu kaza ya faru, kamar ciwon kai sabo mai tsanani, ko faɗuwa, ko gajiyar da ta hana ki tashi kwana biyu a jere, za ki dakata ku koma asibiti. Ku kuma zauna ku lissafa abin da hoton kai duk bayan wata 6 da magani na kowane wata za su ci idan inshorar ta tafi, ku ajiye shi kusa da albashin wata 3. Sannan ki faɗa masa gaskiya cewa in za ki koma, sai an rage miki wani abu a gida, domin ƙarfin da za ki kai ofis daga tukunya ɗaya ake ɗibarsa.

Yana iya yiwuwa ki gwada ki ga tsohuwar kujerar ta fi ƙarfinki a yanzu. In haka ta faru, ki nemi a duba miki wata a cikin kamfanin, mai ƙarancin gaggawa, ko a mayar da ke rabin yini na dindindin. Yana kuma iya yiwuwa su toshe kunne gaba ɗaya. A nan ne saƙonnin da kika adana za su yi rana, kuma lauyanki zai gaya miki ko ƙara ce ta fi ko sulhu. Ko da rabuwar ce ta zama alheri a ƙarshe, ba a karɓar tayin farko. Ana iya tattaunawa a kan adadin watannin, kuɗin hutun da ba ki ci ba, haƙƙoƙin shekarunki 9, ci gaba da inshorar zuwa wani lokaci, da takardar shaida mai kyau da za ki nuna a gaba. Duk wannan yana yiwuwa ne matuƙar ba ki riga kin miƙa musu takardar ajiye aiki ba.

Tambayarki ta ƙarshe ba ni ce zan amsa ta ba, haka shi ma ogan naki. Gwajin likita da ɗan littafin da za ki cika na mako 2 ne za su faɗa, kuma ina kyautata zaton matar da ta tsara wasiƙa irin wannan, da kwanan wata da adadi kowanne a mazauninsa, tana da sauran aiki a gabanta. Ki tura saƙon nan gobe da safe, lokacin da kanki ya fi sakewa, sannan ki kira asibiti ki karɓi rana. Idan sun amsa miki, ki turo min abin da suka ce mu duba tare. Ki gaishe min da maigidan da yaran.

Antinki.